Furannin Ritayar Tito Ambo

Waɗanda suka daɗe suna karanta ni sun san ba na son aikin da ya wuce wanda aka rubuta min a takarda. Sababbin zuwa kuma sannunku. Sunana Jovelyn, ana ce min Jovy, shekarata ashirin da tara, ina zaune da uwata a Winnipeg, kuma ban yi aure ba. Wannan na ƙarshen ba sai na faɗa muku ba, duk wanda ya tsaya kusa da Nanay, wato uwar tawa, minti biyar a layin kanti zai ji shi.

Ina aiki a wani ofishin gwamnati, hawa na huɗu, inda muke adana takardun filaye da gidaje. Bara aka kafa mana kwamitin tafiya da kowa, wanda aikinsa shi ne ya tabbatar ba a tsangwami ma'aikata masu son jinsinsu da waɗanda suka sauya jinsi ba. Ranar da aka zaɓi 'yan kwamitin na je wurin likitan haƙori. Da na dawo, leɓena a kumbure, na tarar ni ce sakatariya.

Shugabar sashenmu, Madam Corinne, ita ce uwar kwamitin. Mutuniyar kirki ce fa, kada ku ji ni ba daidai ba, kirkin nata ne dai ba shi da birki. Ta raba mana igiyar rataya katin aiki mai launin bakan gizo, ta liƙa takarda a kicin cewa nan wurin kowa ne, ta sa muka yi kwas na awa biyu a kwamfuta. Abu ɗaya ke damunta. Mu arba'in da uku ne a hawan, kuma har yau ba wanda ya zo ya ce mata shi ne aka kafa kwamitin dominsa. Duk taro sai ta bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya kamar mai jiran bas.

To, makon da ya wuce ne Tito Ambo ya yi ritaya. Ambrosio Macaraeg ke nan a takarda, Tito kuwa kawu ke nan a yarenmu. Garinsu ɗaya da Nanay can Batangas, kuma ni da shi ne kaɗai 'yan Filifin a hawan. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aikin. A wajen ofis kuwa shi ne mai buga fiyano a cocinmu, shi ke koya wa mawaƙa ranar Alhamis, kuma babu aure ko baftisma ko jana'izar ɗan ƙasarmu da za a yi a garin nan ba da yatsunsa ba. A sanin coci bai taɓa aure ba. Yana dai da ɗan haya a ɗakin ƙasa, wani dogon Bature mai suna Wendell, tsohon direban bas, wanda ya shekara ashirin da shida a gidan. Matan coci kullum suna yabon haƙurin Tito, wai ka ga mutumin da ya iya zama da ɗan haya.

Al'adar ofishinmu in mutum zai yi ritaya, ana yanka kek, a zaga da kati kowa ya sa hannu, sannan a kawo damin furanni. Furannin ba na mai ritayar ba ne. Matarsa ko mijinta shugaba ke kira gaban jama'a, ta miƙa, ta ce mun gode da kuka ara mana shi. In mutum ba shi da kowa, sai a miƙa masa abinsa a hannu, a yi tafi da sauri a wuce wurin kek. Fom ɗin shirya bikin yana hannuna, domin a gwamnati in ka zama sakataren kwamiti ɗaya ka zama na duka.

Ranar Litinin Tito ya tsaya a gefen teburina da fom ɗin, sanye da rigar sanyinsa mai ruwan toka da biro uku a aljihu. Sai da ya jira maƙwabciyata ta tafi ɗebo kofi ya ajiye min. A layin da aka ce sunan mata ko miji, ya rubuta Wendell Thiessen da manyan baƙaƙe.

"Tito," na ce, "nan fa wurin mata ne ko miji."

"Na iya karatu, 'yata. Tun kafin a haife ki nake karanta fom."

Ya ja kujera ya zauna. Ya ce shekara goma sha huɗu ke nan da suka ɗaura aure, wata Talata, a lokacin hutun cin abinci, kuma ƙarfe ɗaya da rabi yana kan teburinsa. Ya ce kullum Wendell ke kawo shi aiki, amma a kwanar can baya yake sauke shi, ya ƙaraso da ƙafa ko da ƙanƙara na zuba. Ya ga matan mutane da mazan mutane sun fi ashirin suna karɓar furannin nan yana tafa musu. Sau ɗaya dai yake so Wendell ya hau hawa na huɗu.

"Amma a nan maganar za ta tsaya," ya ce. "In ta isa coci, fiyano ya tafi. Ba korata za su yi ba, Jovy. Gaishe ni za su riƙa yi da ladabi, sai wata rana a ce an samo mai bugawa don in huta."

Na san gaskiya ya faɗa, don na san matan nan, a hannunsu na girma. Kuma bari in faɗa muku, kunya ce ta kama ni. Ni da igiyata mai launi a wuya, ni da na ci kwas ɗin kwamfuta da maki cikakke, tun ina yarinya nake shiga gidan nan ina ce wa mutumin nan ɗan haya.

Ya yarda in gaya wa Madam ita kaɗai, don ta san sunan da za ta kira. Da na gaya mata sai ta fashe da kuka, ta ƙarar da rabin kwalin tishu, ta tambaya ko za ta iya rungume ni. Na ce ai ba ni ba ce. Na maimaita mata sau uku cewa maganar ba za ta fita daga ofis ba. Ta dafa ƙirji ta yi alkawari.

Yanzu ku zo gida ku ga tawa matsalar. Sunanta Dindo. Ɗan Tita Perla ne, wato Gwaggo Perla, aminiyar Nanay, mai kantin furanni. Shekararsa talatin da uku, rigar sanyi ɗaya yake da ita, ruwan ƙasa, ko kuma guda biyar iri ɗaya, ban bincika ba. Tun watan Nuwamba da iyayenmu suka ba shi lambata, saƙo ɗaya yake turo min kullum da tsakar rana: "Kin ci abinci?" Ba fure, ba waƙa, ba hoton zuciya. Wani lokaci in ce eh, galibi in yi shiru. Nanay tana guga tana lissafa min alherinsa, wai yana da sana'a, ba ya sha, yana kai uwarsa asibiti, haƙoransa cikakku ne. Na ce mata ai ba doki zan saya ba. Ta ce doki ma da ya kai shekaruna da an rage masa daraja.

Ita kuwa Tita Perla, Allah ya ba ta zuciya mai kyau da baki marar murfi. Abin da ya shiga kunnenta da ƙarfe tara, kafin sha biyu an ji shi a Manila.

Saboda haka na riga na yanke shawara ni zan sayo furannin da kaina, can wani kanti a ƙarshen gari inda ba wanda ya san kakata. Ranar Laraba, sha ɗaya da minti goma, sai ga imel an sako ni a ciki. Madam ce. Wai ta ga aiki ya yi min yawa, ta ɗauke min wannan. Ku kuma sani doka ce, ofishin gwamnati ba ya sayen ko tsinke sai a wurin 'yan kasuwar da ke cikin jerin da aka amince da su. Kantin furanni ɗaya ne a jerin namu. Ba sai na faɗa muku na wa ba ne.

Ta rubuta musu abin da za a sa a kati: zuwa ga Wendell, mijin Ambrosio, mun gode da ka ara mana shi. Ta ce a ɗaure da ƙyalle mai launin bakan gizo. Ta sa hoton zuciya a ƙarshe.

Na shiga ofishinta ban ƙwanƙwasa ba. Ta dube ni da mamaki na tsakani da Allah, ta ce ai ba wanda ta gaya wa, kanti kawai ta rubuta wa. A wurinta kanti ba mutane ba ne. Da na ce mata mai kantin ita ce ke zama a layin gaba a cocin Tito, sai fuskarta ta koma kalar takarda, ta fara laluben tishu. Na bar ta da shi.

Na san Tita Perla ita ke buɗe imel ɗin kanti da kanta bayan ta ci abinci, tabarau a kan hanci, tana karantawa da ƙarfi. Ban da wata hanya. Na ɗauki waya, karo na farko a rayuwata ni na fara tura wa Dindo saƙo.

"Kana kanti?"

"Ina nan. Kin ci abinci?"

"Bar maganar abinci. Mamarka ta buɗe imel?"

"Tana baya tana cin kifi."

"Akwai saƙo daga ofishinmu. Don Allah kada ta gani. Kai ma kada ka karanta."

"In ban karanta ba yaya zan san wanda zan ɓoye?"

Na tsaya ina kallon wayar. Haushi ya kama ni don yana da gaskiya. Na rubuta masa ga ni nan, na figi kot ɗina mai kama da bargo, na sauka. Sanyin Fabrairu ya sa motar sai da ta yi tari sau uku kafin ta tashi.

Ina tura ƙofar kantin Tita Perla ta fito daga baya tana goge hannu. Da ta gan ni sai ta dafe ƙirji ta kira sunan Maryamu. A gabana ta buga wa Nanay waya ta ce mata yarinya ta kawo kanta. Ta zaunar da ni a kan bokitin da aka kife, ta zuba min shinkafa da kifi, ta ce wa Dindo ya je ya taje kansa. Minti ashirin da biyar ina cin kifi ina satar kallon kwamfutar da ke kan teburin ciniki, ita kuma tana ba ni labarin yadda Dindo ya fara tafiya yana wata goma. Daga nan ya ce zai nuna min ɗakin sanyi inda suke ajiye furanni. Tita da kanta ta rufe mana ƙofa.

Ya zaro takarda a ninke daga aljihu ya miƙo min. Ya ce ya buga ta, ya goge saƙon, ya bi shi har kwandon shara ya sake gogewa. Na tsaya ina jiran abin da zai ce. Na shirya jin wa'azi, ko dariya, ko irin tambayar nan ta wai dama haka Tito yake.

"Wane launi yake so?" ya ce.

"Wa?"

"Shi Wendell ɗin. Furannin ai nasa ne."

Ban sani ba. Ni da Madam da kwamitinmu duka ba wanda ya yi tunanin tambaya. Dindo ya ce to shi ba zai ɗaura wa dattijo ɗan shekara saba'in ƙyalle mai launi bakwai ba tare da an tambaye shi ba, farare kuma na jana'iza ne, zai haɗa masa ruwan ɗorawa. Ya ce Tito Ambo ne ya buga fiyano ranar da aka binne babansa, awa biyu, da zazzaɓi a jikinsa. Shi zai rubuta katin da hannunsa, shi zai kawo ranar Juma'a. Na ce to me zai ce wa uwarsa in ta gan shi yana haɗawa. Ya ce zai ce nawa ne.

Na lura yatsunsa duk tsagar ƙaya ce. Lura kawai na yi, kada ku fara min guɗa a ƙarƙashin rubutun nan.

Juma'a ta zo. Na sa doguwar riga shuɗiya da 'yan kunnen lu'ulu'u na Nanay, na ce mata bikin na ma'aikata ne zalla, ba a zuwa da kowa. Dindo ya kawo furannin ƙarfe ɗaya, ya ajiye a teburina, ya tambaye ni ko na ci abinci, ya tafi. Madam ta rubuto jawabi shafi uku mai tarihin gwagwarmaya tun daga farko. Na karɓa na mayar mata da layi huɗu, ba ta yi musu ba.

Ƙarfe biyu Wendell ya fito daga lif. Kwat ya sa wanda hannunsa ya ɗan gaza, da taye mai ɗigo-ɗigo, hularsa ta sanyi a hannu. Ya tsaya kusa da ƙofar ɗakin taro, har wani daga cikinmu ya tambaye shi ko takardar fili ya zo nema. Tito yana gaba kusa da kek, yana ta gyara birukan aljihunsa.

Madam ta yi layinta na farko da na biyu. Ta ɗauki furannin. A daidai nan lif ya sake buɗewa, sai ga Nanay, cikin kot ɗin zuwa coci, da jan baki, ɗauke da manyan tire biyu na pansit, soyayyar taliyarmu ta gida, mai gadin ƙasa yana biye da ita da na uku yana tauna wani abu. Ta ce ba za a sallami Ambo da kek kaɗai kamar maraya ba. Na raɗa mata cewa na ce na ma'aikata ne. Ta ce ita ta haifi ma'aikaciya.

Na shiga uku, na ce a raina. Na yi wa Madam alama da ido, da kai, da duk abin da ke motsi a jikina. Kuma ku yaba mata, a karon nan ta gane. Ta haɗiye yawu, ta juya wajen Tito, ta fara cewa furannin nan na Ambrosio ne, don godiya. Da an yi tafi da sauri an wuce wurin kek, shi ke nan, fiyano ya tsira.

Tito ya dubi Nanay. Sannan ya dubi ƙofa. Wendell ya riga ya ja da baya taku biyu, ya mayar da hularsa kai, ba fushi ba komai a fuskarsa. Ya iya abin, da gani ya daɗe yana yi.

"Corinne, ba nawa ba ne," Tito ya ce. "Wendell, cire hular nan ka taso. Jama'a, wannan mijina ne. Shi yake kawo ni aiki."

Aka tafa, tafi na gaske, mai tsawo. Wendell ya tako a hankali ya karɓa, ya riƙe damin kamar an ba shi jaririn wani. Madam ta yi ƙoƙarin cewa mun gode da ka ara mana shi, kuka ya ci rabin maganar. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba, farin ciki da tsoro a haɗe, don ina ganin uwata ta gefen ido.

Nanay ta ajiye tire a kan tebur, ta buɗe, ta shiga zuba wa mutane. Ba ta tafa ba. Ta ce wa Tito Allah ya sa a huta lafiya, kamar yadda ake ce wa kowa. Ba ta dubi Wendell ba. Da abinci ya ƙare ta tattara tirenta ta ce in kai ta gida.

Muka zauna a mota muna jiran inji ya yi ɗumi. Ina ta haɗa kalmomin roƙo a raina, ban san ta inda zan fara ba. Sai wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta ciro. Tita Perla. Nanay ba ta iya amsa waya a kunne ba, kullum a buɗe take sa ta, saboda haka na ji komai.

"Consing, yaya bikin Ambo? Ba ni labari, wa da wa suka zo?"

Shekara talatin matan nan biyu ba su taɓa kwana da labari a ciki ba tare da sun juye wa juna ba. Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Nanay ta dubi gilashin gaba, ta daɗe.

"Ba wani labari, Perla," ta ce. "Kek ɗin ya cika zaƙi. Sai Lahadi."

Ta kashe, ta mayar da wayar jaka, ta ja zif.

"Ban ce na yarda ba," ta ce.

"Na sani, Nanay."

"Kuma ban ce na gane ba. Amma ba a bakina za a ji ba."

Na ce na gode. Ta ce in rufe mata baki. Ta ciro tsumman da ta rufo tire da shi ta share ido, jan bakin ya ɗan goge a gefe.

"Duk Kirsimeti Ambo yana cin abinci a teburina," ta ce. "Shi kuma wancan in zuba masa ragowa a roba in ce a kai wa ɗan haya. Shekara ashirin da shida, Jovy. Ko kujera ban taɓa ba shi ba."

Na sa giya muka fita daga wurin ajiye motoci.